Yadda Na Kashe Baba Labbo da Fensir

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Gummi ba, kuma ko na yi niyyar mantawa yaran garin ba za su bar ni ba, domin har yau in na ratsa ta bakin kasuwa sai wani ya rera mini abin da ya faru. Ranar ce na zauna a kan tabarmar makoki na sha kuka har da majina, alhali ni ne na ƙirƙiro mutuwar da hannuna ban sani ba. (Kada hankalin mai karatu ya tashi, ba a kai ni kotu ba. Wani lokacin ina ganin da kotun aka kai ni da ya fi mini sauƙi, an yanke hukunci an wuce wurin.)

Ni malamin firamare ne, aji huɗu nake koyarwa, kuma Allah ya ba ni hannun zane. Taswirar da ke bangon makarantarmu ni na zana ta, haka hoton zuciya da huhu da ke ofishin hedimasta. Tun ranar da wani mai duba makarantu ya tsaya gaban huhun nan ya ce kamar zai yi numfashi, kaina ya kumbura, kuma bai sace ba sai ranar da nake ba ku labari.

Akwai wani tsoho a garinmu, Baba Labbo Mai Gurmi. Da kiɗansa na tashi. Mahaifina yana da kaset-kaset ɗinsa, a gona ma rediyon na rataye a reshen bishiya muna noma yana kaɗawa. Baba Labbo yana da ɗabi'u biyu da kowa ya san shi da su. In kiɗa ya yi masa daɗi sai ya rufe ido ya ɗaga fuska sama, kamar wanda ya kurɓi fura mai sanyi bayan ya dawo daga rana. Sannan yakan saka sunayen mutane a waƙa, kuma duk wanda ya saka ya shiga bakin duniya ke nan. Akwai wani mai shayi da ya rasu tun ina ƙarami, amma har gobe ana rera sunansa saboda Baba ya taɓa yabon shayinsa. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, babban burina a duniya bayan cikawa da imani shi ne in ji sunana a bakin Baba Labbo.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Hawan jini ne da ciwon ƙafa, shekara uku ba a ji gurminsa a fili ba, har mutane suka fara magana a kansa da "Allah sarki". Da ya samu sauƙi, samarin unguwarsu suka shirya masa wasa a filin ƙwallon da ke bayan tasha, inda bishiyoyin mangwaro suka yi layi. Ranar Asabar bayan la'asar, a tashi kafin magariba saboda masu komawa nesa, tunda kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki.

Babu wanda ya ce in yi fosta. Ina so a rubuta wannan a ajiye. Samarin sun riga sun shirya mai shela zai zaga gari da lasifika, abin da aka saba ke nan kuma yana aiki. Ni ne na ce a raina ai mutum irin Baba ya wuce shela, ya kamata a yi masa zane irin na manyan mawaƙan birni. Can ƙasan zuciyata kuma lissafin daban ne: Baba zai ga zanen, ya tambayi wane ne ya yi, a ce Malam wane ne, ranar Asabar ya ɗaga gurmi ya kira sunana a gaban duk Gummi.

Mako guda na yi a kansa. Na zana Baba cikin farar riga, ido a rufe, fuska a sama, yadda yake yi in kiɗa ya kai masa. Tunda wasan fili ne, na cika bayansa da sararin sama da gajimare, ga tsuntsaye suna tashi, ga rana ja tana gangarawa bayan mangwarori. A ƙasa na zana taron jama'a sun ɗaga hannuwa suna jinjina masa. A sama na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ƙarƙashin sunan na sa: "Mun gode da shekarun da ka yi kana faranta mana rai." Wuri da rana da lokacin wasa kuwa na cusa su can ƙasan takarda da ƙananan baƙaƙe don kada su ɓata mini zane. Sunana na sa shi daidai kafaɗar Baba. (Ya fi ranar wasan girma sau uku. Na auna daga baya.)

Ranar Alhamis na kai shagon Sunday mai fotokwafi, wani mutumin kudu da ya daɗe a Gummi har yana cin tuwo da miyar kuka fiye da mu. Ya ce tawadar launi ta ƙare, sai baƙi da fari. Na ce a buga haka. Da takardar farko ta fito, jar rana ta ɓace, mangwarori sun zama inuwa, farar rigar Baba ta narke cikin gajimare, sai fuskarsa kawai tana yawo a sama ido a rufe. Ni a idona abin ma ya ƙara kyau.

Sunday ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri fa. A garinmu in tsoho ya mutu, irin wannan ne muke mannawa a bango."

Da ma a nan na tsaya. Ina! Sai na gyara tsayuwa na yi masa darasi kamar ɗan aji huɗu. Na ce nan ba garinsu ba ne, mu ba mu liƙa hoton mamaci a bango, in mutum ya rasu wanka ne da sallah da maƙabarta, kafin ma a samu takarda an dawo. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Sunday ya ce, "To, Malam," ya ci gaba da bugawa.

Da sassafe ranar Juma'a na shiga tasha. Na liƙa a jikin rumfar mai shayi, na liƙa a bakin kasuwa, na ba direban Bukkuyum wasu, na ba na Anka wasu, na ce su manna inda jama'a za su gani. Daga nan na wuce makaranta na kashe waya, domin hedimastanmu ba ya wasa da waya a aji. Ina koyar da yara sassan jikin kifi ina murmushi ni kaɗai.

Da aka tashi, wajen sha ɗaya da rabi, na je gida na sa kaftanina mai ruwan toka wanda nake ajiyewa don ɗaurin aure. Na ɗauki ainihin zanen, mai launin, wanda na sa kafinta ya yi wa firam, na naɗe shi da jarida, na nufi gidan Baba Labbo in ba shi hannu da hannu. A hanya har ina gwada yadda zan sunkuyar da kai in ce ai ba komai ba ne, Baba.

Ina shan kwanar gidan na ga tabarmi. Maza zaune jere a jikin bango, kowa kai a ƙasa, ga butoci, ga babura an jingine. Daga cikin gida kuma kukan mata ke tashi. Na kama hannun wani maƙwabcinsu na ce lafiya? Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ba ka ji ba, Malam? Baba Labbo ya riga mu gidan gaskiya."

Wallahi ban san lokacin da na zube a kan tabarma ba. Na yi salati, na sake yi, sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ina kuka ina cewa gobe-goben nan fa zai yi wasa, gobe-goben nan! Wani dattijo yana bubbuga bayana yana cewa in yi haƙuri, kowa ya san yadda nake son Baba. Na rungume zanena a ƙirji ina tunanin ga shi ya tafi bai gani ba. (Eh, a tsakiyar makoki ma tunanin da na yi ke nan. Allah ya yafe mini.)

A hankali na tsinci bayanin. Tun ranar Laraba Baba ya haye gulbi zuwa wani ƙauye a sake wa gurminsa fata, kuma can waya ba ta shiga. Yau da safe sai ga kira daga Anka ana yi wa iyalinsa gaisuwa, kafin a ajiye wani ya shigo daga Bukkuyum, sannan daga ko'ina. Mutum mai hawan jini, ga hanya yadda take, wa zai yi musu? Matarsa, Inna Kulu, tun kira na uku ta faɗi, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Muna nan sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya da ƙura. Asabe ce, babbar 'yar Baba da ke aure a Bukkuyum. Ta sauko mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, tana kiran "Babana! Babana!" ta faɗa cikin gida. Kukan ya ƙara tashi, ni ma na ƙara nawa.

Limamin unguwar ne ya fara dawowa cikin hankalinsa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, Juma'a na matsowa, kuma har yanzu ba mu ga gawa ba. Wa yaz zo da labarin ga tun hwarko? Wa yag gani da idonai?"

Aka shiga duban juna. Wannan ya ce ƙaninsa na Anka ya kira shi. Aka kira ƙanin, ya ce shi a sitatus ɗin wani mai gyaran babur ya gani. Wancan ya ce matarsa ce ta gani a wayar maƙwabciya. Kowa ka taɓa sai ya ce a waya. Liman ya ce to a kawo wayar a gani. Wani saurayi ya miƙa tasa, ta fara yawo hannu zuwa hannu, kowa ya duba sai ya girgiza kai ya ce Allahu akbar. Da ta iso kaina na share hawaye na karɓa, ina shirin ganin mota a kife ko gadon asibiti.

Fostata ce.

Wani ya ɗauke ta hoto a tashar Anka, kuma wayarsa ta yanke ƙasan takardar, inda wuri da rana suke. Abin da ya rage shi ne tsoho cikin gajimare, baƙi da fari, ido a rufe, tsuntsaye na tashi, jama'a a ƙasa sun ɗaga hannu kamar masu addu'a, ga kuma godiyar shekarun da ya yi yana faranta mana rai. Wanda ya ɗora ya ƙara da "Allah ya jiƙan maza" da fuskokin kuka guda biyar. A lokacin ne abin da na manta a shagon Sunday ya faɗo mini. Gaskiya ne ba mu liƙa hoton mamaci a bango, amma a waya fa? Yau a ƙasar nan in ka ga hoton tsoho baƙi da fari a sitatus, ba ka tsayawa karatu, salati kake fara yi. Ni kaina sau nawa na yi haka.

Hawayen suka ƙafe nan take. Na dubi lungun da na shigo ta ciki ina auna ko zan iya sulalewa. Amma wayar da ta yanke ranar wasa ba ta yanke sunana ba. Yana nan daram a kafaɗar Baba, ko daga nesa ana karanta shi.

Saurayin mai wayar ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Af, ai ga sunan Malam nan. Shi yab buga sanarwar."

Duk tabarmin suka juyo. Liman ya matso kusa da ni cikin tausasawa ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe mai labarin na tare da mu. Malam, daure ka hwaɗa muna. Ina abin yaf faru? Ina gawar take, mu aika a ɗauko?"

Na buɗe baki, sai wata 'yar siririyar murya da ban san ina da ita ba ta ce, "Allah gafarta Malam, ba sanarwa ba ce. Fosta ce."

"Ta mi?"

"Ta wasan gobe."

Don in kare kaina na yage jaridar na ɗaga zanen mai launi sama, ina nuna musu ga rana nan, ga mangwarori, ga filin ƙwallo, waɗannan kuma jinjina suke yi ba addu'a ba. Dattijon da ya gama bubbuga bayana ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu. Wani tsoho ya ƙura wa zanen ido ya ce, "Yaro, ko wagga mai launin, ni dai mamaci ni gani."

Ban gama nutsewa ba sai ga ƙarar babur. Baba Labbo ne a baya, gurmi a rataye cikin buhu, hularsa ta karkace. Ya sauko da kyar saboda ƙafar, ya ga tabarmi a ƙofar gidansa, ya ji kukan mata a ciki. Na ga fuskarsa ta canza. Buhun ya zame daga kafaɗarsa ya faɗi ƙasa, ya dafa bango ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kulu ta? Kulu ta tahi ban nan?"

A nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Tsoho mai hawan jini yana tangaɗi a gabana, kuma in ya faɗi a wurin to fostata ta zama gaskiya. Mutum biyu suka tare shi. Liman ya yi ta maza ya ce, "Kulu na nan lahiya lau, Labbo. Zauna."

"To wa ar rasu?"

Can wani daga baya ya ce, "Kai na, Baba."

Kafin ya gane, labari ya shiga cikin gida. Asabe ta fito a guje ta ƙanƙame shi tana taɓa fuskarsa da hannu biyu. Inna Kulu ta biyo ta har bakin zaure, ta tsaya ta dube shi, sai kawai ta zauna a ƙasa tana dariya hawaye na zuba. Ni kuwa ina tsaye da firam a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Da aka ba Baba ruwa ya sha, aka yi masa bayani, ya ce a miƙo masa wayar. Ya nisanta ta da ido, ya matso da ita, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanga ni na?" Na ce shi ne. Ya ce, "To ai ni ma da nig ga wanga, da na yi ma kaina addu'a." Wurin ya fashe da dariya, har da Liman.

Asabe ce ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Malam, tun daga Bukkuyum har Gummi ban ga hanya ba don kuka. Ɗiyana na baro su suna kururuwa." Wannan maganar ta fi dariyar duka zafi, kuma har yau in na tuna ta sai na ji kunya ta rufe ni. Na durƙusa a gabanta da Inna Kulu na ba su haƙuri. Inna Kulu ta share ido da bakin zane ta ce, "Tashi, ɗana. Allah shi shirye ka."

A gida Innata ta riga ta ji komai. Ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya ba ta karantawa. Ta ce in miƙo takardar ta gani. Kallo ɗaya ta yi mata ta ce, "Allah shi jiƙan... au." Ta mayar mini ta ce, "Da ka gwada min tun hwarko, da duk ba a kai nan ba."

Ranar Asabar na ƙudura ba inda zan je. Na kwanta na ce kaina ke ciwo. Bayan la'asar sai ga mijin Asabe a ƙofar gida, ya ce Baba ya rantse ba zai taɓa gurmi ba sai na zo. Haka na bi shi kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Ban taɓa ganin filin nan ya cika haka ba. Waɗanda suka zo gaisuwa daga Anka da Bukkuyum sun kwana, mutanen ƙauyuka sun shigo don su ga mamacin da idonsu, samari sun hau mangwarori, mata sun yi layi ta gefen raga. Aka zaunar da ni a gaba, kusa da lasifika. Baba ya ɗauki gurmi da sabuwar fatarsa ya taɓa tsirkiya, filin ya yi tsit, sai kiɗan nan da muka yi shekara uku muna kewa ya tashi. Da ya yi nisa sai ya rufe ido ya ɗaga fuska sama, daidai yadda na zana shi, har gajimaren yana nan a bayansa. Can ya buɗe ido ɗaya ya ce cikin lasifika, "Bari in buɗe, kar Malam shi sake." Sannan ya kira sunana, cikakke, har da na mahaifina, ya ɗora:

"Malam mai zane, sannu da aiki,
Ciwo ya shekara ukku bai kada ni ba,
Kai kwana guda kag gama da ni da fensir."

'Yan amshi suka karɓa, "Da fensir, Malam, da fensir," filin gaba ɗaya ya ɗauka. Abin da na roƙa tun ina yaro ya samu, a gaban duk Gummi, kuma kamar yadda na gaya muku, wanda Baba ya saka a waƙa ba ya fita.

Yanzu duk abin da na zana, ko kifi ne na aji huɗu, sai na fara kai wa Innata. In ta yi murmushi, a buga. In ta fara da "Allah shi jiƙan", murhu ya ci. Sunday kuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai duk ranar da na shiga shagonsa yakan ce tun daga ƙofa, "Malam, yau akwai tawadar launi." Zanen mai firam yana rataye a zauren Baba Labbo, amma bai yarda an buga ƙusa ba sai da na zo da fensirina na buɗe masa ido.